YAYE NA BIYU: RANAR DA AKA FARA KAI YARO MAKARANTA

 A wannan mako muna so mu tattauna a kan wani al'amari wanda yawancinmu muke ɗauka ƙarami ne, har mukan mai da shi abin dariya, alhali kuwa a wurin wanda abin ya shafa babu abin da ya kai shi girma. Watau halin da yaro ƙarami yake shiga a ranar da aka fara kai shi makaranta, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu, mu iyaye da malamai, game da wannan rana da makonnin da ke biye da ita.

Duk wanda hanyarsa ta kasuwa ko ta ofis ta bi ta ƙofar wata makaranta a makon da aka koma karatu, cikin watan Satumba a Nijeriya ko Oktoba a Nijar, ba sai an ba shi labari ba. Zai ga yaro ya riƙe gefen rigar ubansa gam, wata yarinya ta shige cikin mayafin uwarta ta ƙi fitowa, wani kuma ba ya kuka, ba ya magana, ya tsaya ƙiƙam jikin bango cikin sabon yunifom wanda ya yi masa yawa, yana bin kowa da ido. Uban yana duban agogo domin ya makara, sai ya daka tsawa, ya ɓamɓare hannun yaron, ya miƙa shi ga mai gadi, ya tayar da babur. A wurinmu manya magana ta ƙare ke nan. A wurin yaron kuwa yanzu ta fara.

ABIN DA YARON YAKE GANI

Bahaushe ya san yaye, ya kuma san yadda ake yinsa. Idan yaro ya kai wajen shekara 2 akan kai shi ɗakin kaka ko gwaggo ya yi kwanaki, ana goya shi, ana dama masa kunu, ana yi masa wasa har ya manta da nono. Ba mu taɓa jin an doki yaro don ya yi kukan yaye ba, domin kowa ya san an raba shi da abin da ya fi sabawa da shi. To, shiga makaranta yaye ne na biyu, sai dai shi ba mu tanadar masa kaka ko gwaggo ba.

Mu lissafa abin da ke sakewa yaro a safiya guda. An raba shi da uwarsa da ƙannensa da tsakar gidan da ya san kowane lungu nata. An zaunar da shi cikin yara masu yawa, babu wanda ya san sunansa. An ce ya zauna wuri ɗaya, shi da bai taɓa zama na rabin sa'a ba. Fitsari ma sai ya nemi izini, ga shi bai san inda makewayi yake ba. Daɗin daɗawa, sau da yawa ana yi masa magana da Turanci ko Faransanci, harshen da bai taɓa ji a gida ba. Mafi tsanani duka, yaro ɗan shekara 3 ko 4 bai san lissafin lokaci ba. Idan ya ga ubansa ya sha kwana, ba shi da tabbacin zai dawo. Babban mutum ma da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa garin da bai san kowa ba yakan kwana biyu abinci bai yi masa daɗi ba, balle ɗan tatsitsin yaro.

Dattawa daga cikinmu za su tuna watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. A zamanin nan, wanda ba shi da takardar haihuwa akan ce ya ɗora hannunsa ta bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, in ya taɓo to ya isa shiga aji ɗaya. Shekara 6 ita ce ƙa'ida, ita ce kuma har yau ga ajin farko na firamare, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa iyaye sa 'ya'yansu. Abin da ya sake shi ne, a birane yanzu ana kai yara nazare tun suna shekara 3, wasu ma 2, musamman gidajen da uwa da uba duk suke fita nema. Ke nan mun matso da ranar rabuwa zuwa shekarun da rabuwa ta fi yi wa yaro ciwo.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Likitocin yara sun tabbatar cewa tsoron rabuwa da uwa halitta ne. Yakan fara bayyana tun jariri yana wata 6 zuwa 8, lokacin da muke cewa ya fara ƙiwa, ya yi ƙarfi bayan ya shekara, sannan ya riƙa raguwa wajen shekara 3. Amma yakan dawo duk lokacin da aka sami babban sauyi, kamar ƙaura ko haihuwar ƙane ko shiga makaranta.

Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 game da yaran da aka raba da iyayensu mata, ya nuna cewa shaƙuwar yaro da mai renonsa bukata ce kamar abinci. Abokiyar aikinsa, Mary Ainsworth, ta zauna a Kampala ta ƙasar Yuganda a 1954 da 1955, tana zagaya gidaje 26 tana lura da uwaye da jariransu. Abin da ta gani kowace tsohuwa a ƙasar Hausa za ta gaskata shi. Yaron da ya amince uwarsa tana nan, kuma za ta amsa in ya kira, shi ne yake rarrafawa nesa ya yi wasa, ya waiwayo ya gan ta, ya ci gaba. Wanda ba shi da wannan amincewa shi ne yake liƙe mata ko da yaushe. Darasin da ke ciki shi ne, lallashi ba ya sangarta yaro a irin wannan hali. Natsuwar da ya samu a gida ita ce guzurin da yake shiga cikin baƙi da shi. Malamai kuma sun sani yaron da ke cikin firgici ba ya riƙe karatu, domin hankalinsa yana kan ƙofa, ba kan allo ba.

ABIN DA MAGABATA SUKA KOYAR

Kada wani ya ce wannan tausayi baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma amma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo ya nuna masa cewa marar jinƙai yana hana kansa jinƙai. Haka nan yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Da tsuntsun wasan Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, ya mutu, ya ga yaron cikin damuwa, sai ya tsaya ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa wannan ba abin baƙin ciki ba ne.

Malaman da suka yi rubutu a kan koyarwa sun bi wannan hanya. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, babban malamin mazhabar Malikiyya wanda ya rasu a shekarar 870 ta Miladiyya, ya wallafa littafi a kan ladubban malaman yara, ya hana duka cikin fushi, ya iyakance horo, ya kuma wajabta daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan an taso daga makaranta, domin hana shi wasa da tsananta masa karatu suna kashe zuciya, su dusashe basira. Ibn Khaldun kuwa, cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya ware babi guda yana bayanin cewa tsanani yana cutar da almajiri, yana koya masa kasala da ƙarya da yaudara, domin yakan ɓoye abin da ke ransa don tsoron hannu.

Tsohuwar makarantar allo tamu ma tana da hikimarta, ko da yake an san ta da bulala. Tana cikin unguwa, a zauren malamin da yaro ya riga ya sani. Yakan fara bin yayyensa yana zama gefe kafin a yanka masa allo. Ranar sa shi, uba ne da kansa yake kai shi, da ɗan abin sadaka wanda yara za su ci su yi murna da sabon zuwa. Ana fara biya masa da ka, kaɗan-kaɗan, kafin a kai ga babbaƙu da farfaru. Sannu a hankali ake shigar da shi, wannan kuwa shi ne ainihin abin da masanan zamani suke kira a yi.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Abu na farko, mu daina mai da makaranta dodo. Uwar da ta shekara tana cewa, "Bari a sa ka makaranta malam ya zane ka," kada ta yi mamaki ranar da yaron ya ƙi shiga. Ita ta shuka, ita za ta girba.

Na biyu, a kai yaro ya ga wurin tun kafin a buɗe, ko sau ɗaya ne. Ya ga ƙofa, ya ga ajinsu, ya ga makewayi da wurin shan ruwa, in da hali ya gaisa da malaminsa ya ji sunansa. A gaya masa gaskiyar yadda ranar za ta kasance, daki-daki: za a yi layi, za a shiga aji, za a fita tara a ci abinci, sannan a zo a ɗauke shi. Kada a cika shi da alkawarin daɗi zalla, domin in ya tarar ba haka ba ne zai daina yarda da maganarmu.

Na uku, a gyara barci tun saura mako biyu. Likitoci sun ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin sa'a 10 zuwa 13 a yini da dare, ɗan 6 zuwa 12 kuma sa'a 9 zuwa 12. Yaron da ya kai sha ɗayan dare yana kallon waya ko talabijin, aka tashe shi da asuba, ko ba tsoro sai ya yi rigima. A kuma tabbata ya karya kumallo, ko koko da ƙosai ne.

Na huɗu, a koya masa 'yan abubuwan da za su tsare masa mutunci: faɗin cikakken sunansa da na ubansa, neman izinin zagayawa, kwance wando da ɗaurawa, buɗe kwanon abincinsa, gane takalminsa. Yawancin kukan makon farko daga irin waɗannan yake tasowa. Yaron da ya saki fitsari a aji yara suka yi masa dariya yakan daɗe bai manta ba. Idan akwai ɗan maƙwabta da za su shiga tare, a haɗa su tun a gida, domin fuska ɗaya da ka sani cikin taro ta fi gaban kuɗi.

SAFIYAR RANAR

Muna roƙon 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ma'aikata, ranar farko kada a wakilta direba ko mai adaidaita ko yaron shago. Rumfar da aka buɗe ƙarfe tara maimakon bakwai ba za ta karye ba, shugaban ofis kuma ba zai hana izinin sa'a biyu ba in an nema tun da wuri. Uba ko uwa ya riƙe hannun ɗansa ya damƙa shi ga malami, ido da ido.

Idan yaron ya fara kuka, kada a ce masa namiji ba ya kuka, kada kuma a kwatanta shi da wane wanda ya shiga da dariya. A durƙusa daidai tsawonsa a faɗa masa sunan abin da yake ji: "Na ga tsoro kake ji. Ba laifi, ni ma na ji haka ranar da Baffa ya kai ni." Yaro ba shi da kalmomin da zai bayyana abin da ke cinsa, in an ba shi su sai abin ya ragu. Sannan a gaya masa lokacin dawowa da ma'aunin da ya sani, kamar, "Da an kira sallar azahar za ka gan ni a bakin ƙofar nan." A yi masa addu'a, a yi sallama a taƙaice, a tafi. Tsawaita ban kwana da komowa ana leƙe ta taga suna ƙara masa wahala ne kawai. Yawancin yara sukan yi shiru ba da jimawa ba bayan iyaye sun tafi.

Abu biyu ne ba a yi. Na ɗaya sulalewa a ɓoye lokacin da hankalin yaro ya ɗauku. Wannan yana sauƙaƙa wa babba, amma yana koya wa yaro cewa ana iya ɓace masa ba sanarwa, gobe sai ya ƙara riƙo. Na biyu alkawarin ƙarya, kamar a ce, "Bari in sayo maka alewa in dawo yanzu." Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta kira ɗanta da cewa za ta ba shi wani abu, Manzon Allah ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba da an rubuta mata ƙarya. Saboda haka wanda ya ce azahar, to azahar ta same shi a bakin ƙofa. Yaron da aka bari shi kaɗai da mai gadi bayan kowa ya watse ya ga abin da yake tsoro ya tabbata.

BAYAN AN TASO

Kada mu yi mamaki idan malami ya ce yaro lafiya lau ya wuni, amma da isowarsa gida ya ɓarke da rigima a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya daure ne tun safe, sai da ya iso inda ya amince sannan ya sauke. A ba shi abinci da ruwa, a bar shi ya huta, tambaya ta biyo baya. Tambayar kuma ta zama wadda zai iya amsawa: wa ya zauna kusa da kai, me kuka ci, wace waƙa aka yi. Wasu yaran sukan koma tsotson yatsa ko fitsarin kwance na 'yan kwanaki. Gori da duka ba sa maganinsa, haƙuri ne yake yi. Ba kuma dabara ba ce a haɗa wa yaro sabuwar boko da sabuwar Islamiyya da malamin darasi na gida duk a mako ɗaya. A bari ya saba da ɗaya tukuna.

Akwai yaran da suke bukatar ƙarin kulawa. Ɗan fari, wanda al'ada ta sa iyaye suke jin kunyar nuna masa so a fili, shi ne kuma ba shi da wa ko ya a makarantar. Idan kunya ta hana uwa rarrashinsa, to kaka ko gwaggo ko kawu su tsaya masa. Haka maraya, da wanda aka rabu da uwarsa aka bar shi hannun kishiya, da ɗan ma'aikacin da canjin aiki ya kai su sabon gari tsakiyar shekara. Mai ciwon sikila ko asma ko farfaɗiya, lalle a sanar da malami tun ranar farko. Wanda kuma yake niyyar tura ɗan shekara 5 ko 6 almajiranci wani gari mai nisa, ya auna duk abin da muka faɗa, ya tuna wancan yaron ba shi da azahar ɗin da zai jira.

Ba za mu ɓoye ba, a zamanin nan iyaye ma suna da nasu tsoron. Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, babu uban da zai ce zuciyarsa ba ta taɓa raya masa kome ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, yara kuwa sun fi kowa iya karanta fuska. Mu yi binciken tsaron makaranta tsakaninmu manya, mu daina hirar satar ɗalibai a gabansu. In yaro ya ji ya tambaya, a ba shi amsa gajera ta gaskiya, a gaya masa su wa ke tsaronsa.

ALAMUN DA BA A YI WA SAKACI

Galibi kukan safe yakan lafa cikin mako biyu ko uku. Idan aka wuce wata guda abin yana ƙaruwa, ko yaro yana ciwon ciki da amai kowace safiyar makaranta amma ranar hutu garau, ko yana firgita cikin barci, ko yana surutu a gida amma a makaranta ko uffan ba ya cewa, to a je a zauna da malami, in ta kama a ga likita. Yaron da ya saba da makaranta sannan kwatsam ya ƙi zuwa, a bincika da kyau. Wataƙila wani babban yaro yana ƙwace masa abinci, ko ana dukansa, ko wani yana taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba. A saurare shi, kada a ƙaryata shi. Wani kuma ba ya gani sosai ne ko ba ya ji, an ɗauke shi daƙiƙi. Zazzaɓi kuwa ba tsoro ke kawo shi ba. Buɗe makarantu yana dacewa da ƙarshen damina, lokacin sauro, don haka mai zafin jiki a kai shi a gwada jininsa. Ajiye yaro a gida kwana da kwanaki don ya yi kuka ba ya warkar da tsoro, ƙara masa ƙarfi yake yi. Abin da ya fi shi ne ya riƙa zuwa kullum, ana gyara abin da ke damunsa.

Ga malamai kuma, mun san aji ya cika, albashi bai taka kara ya karya ba. Duk da haka muna roƙo a ajiye bulala a makon farko, a tari yaro a bakin ƙofa da sunansa, a yi masa magana da harshen da yake ji har ya natsu. Yaro yakan manta darasin da aka fara koya masa, amma yana tsufa da fuskar malaminsa na farko. Da yawa daga cikin waɗanda suka gudu daga karatu, in aka bi sawu, za a tarar tun a ajin farko zuciyarsu ta fita.

'Ya'ya amana ne a hannunmu, za a kuma tambaye mu. Muna kashe kuɗi a kan yunifom da littattafai da kuɗin makaranta, to mu ƙara da sa'a biyu na safiya ɗaya, da alkawari ɗaya wanda za mu cika a kan lokaci. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya musu son ilmi mai amfani, Ya ba malamansu haƙuri da lada, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.